Tambaya da Amsa: kwana uku a kan keke ta bakin Galma

Tun da iska ta fara juyawa wasiƙun masu keke suka yawaita, kuma kusan duk magana ɗaya suke yi, wato tafiyar ƙungiya ta 'yan kwanaki a bakin kogi. Mun taƙaita waɗanda suka fi shafar jama'a, muka miƙa wa makanikan keke da jagororin tafiya da ke amsa tambayoyin wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar masu hawan keke a Samaru, Zariya, mu 14 ne. Duk Asabar mukan yi kilomita 30 zuwa 40 a kwalta, mu dawo kafin azahar. Yanzu 'yan ƙungiya sun matsa sai mun yi kwana uku ta bakin Kogin Galma, irin yadda suke gani a bidiyo ana yi a Turai. Wane wata ya fi, kuma kilomita nawa za mu sa wa kanmu a rana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Da yawa daga bidiyon da mutanenka ke kallo na bakin Kogin Danube ne, musamman tsakanin Passau a Jamus da Vienna a Ostiriya. Kilomita 300 ne da ɗoriya, shimfiɗaɗɗiyar hanya da aka tanada domin keke, kusan duk kwalta, ga alluna, ga masauki a kowane gari. Babu wanda ya yi wa Galma irin wannan gata. Abin da za ku tarar a bakinsa turbar manoman fadama ce da burtalin shanu da sawun tifofin yashi, kuma kowace tana ƙarewa inda masu ita suka gama buƙatarsu, wata a bakin kwari, wata a tsakiyar gonar rake. Don haka kafin a zo lissafin kilomita, sai an gano hanya tukuna.

A tura mutum biyu a kan babur, mako ɗaya ko biyu kafin tashi, su bi ta daga farko har ƙarshe. Hoton sama na Google Maps zai nuna turba, amma ba lalle hoton bana ba ne, kuma damina ɗaya ta isa ta cinye gaɓar kogi har da turbar da ke kanta. Su kunna manhaja irin OsmAnd ko Strava ta zana sawunsu, sannan su riƙe littafi suna rubutawa: ina da fanfon burtsatse mai aiki, ina da mai faci, ina sabis ke ɗaukewa, ina mashigi, wace rana kasuwar kowane ƙauye ke ci. Babban abin nema shi ne wuraren da turba ke kusantar hanyar da mota za ta iya shiga. In gabas kuka nufa, hanyar Jos wadda ta bi ta Dakace da Maigana zuwa Soba ita ce madogararku. Kada a tsara zangon da za a yi fiye da kilomita 15 babu inda za a fitar da marar lafiya ko karyayyen keke zuwa titi.

Maganar tsaro a bakin mutanen wuri ake jin ta. Inda dagaci ko 'yan sintiri suka ce kada a bi, a sauya hanya ko da za ta ƙara nisa, kuma a sake buga musu waya a daren tashi, domin labarin makon jiya ya riga ya tsufa.

Game da lokaci, tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. A damina, musamman Agusta da Satumba, kogi a cike yake, fadama kuma laka ce mai danƙo da ke cushewa tsakanin taya da madigadi har taya ta daina juyawa. Oktoba ma ciyawa ta rufe turba, amfani kuma yana gona. Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 35, ba a wasa da shi da kaya a bayan keke. Hunturu na da nasa: ƙura, da sanyin dare da kan sauka ƙasa da digiri 15, da iskar da ke fitowa daga arewa maso gabas ta ƙara ƙarfi da hantsi. Duk zangon da zai sa ku fuskance ta, a sa shi da sanyin safiya.

Nisa kuwa, ku manta da gudun kwalta. Ƙungiya mai kaya a turbar ƙasa kilomita 10 zuwa 12 take yi a awa, ban da tsayawa. Awa huɗu na taka feda ta isa yini. Wato kilomita 40 a ranar farko, 45 zuwa 48 a ta biyu, 35 a ta uku, lokacin da mazaunai suka fara kuka. A tashi da gari ya waye sosai, wajen ƙarfe bakwai saura, a sauke da sha biyu, a ƙarasa ragowar bayan la'asar, a isa masauki kafin biyar da rabi. Rana na faɗuwa tsakanin shida da wajen shida da rabi a wannan lokaci, kuma baƙi 14 da suka shigo ƙauye da duhu ba su da kyan gani ga kowa.

Kafin duk wannan, ku yi gwajin yini ɗaya kusa da gida, misali ta gefen rafin Kubanni, kowa da cikakken kayan da zai ɗauka. A nan kariyar ɗora kaya mai rawa da gwiwa mai ciwo za su tona kansu.

Tambaya: Kekunanmu ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa 'yan gwanjo ne masu giya, biyu na tsere ne masu siririyar taya, wani dattijonmu kuma tsohuwar Raleigh yake hawa. Duk za su iya? Me za mu gyara? Daga wani ɗan ƙungiya a Sabon Gari.

Amsa: Na tseren nan biyu a jingine su a gida, masu su su ari wasu. Siririyar taya tana nutsewa a yashi, tana kuma fashewa da ta daki dutse. Kada faɗin taya ya gaza inci 1.75, kuma 26 x 1.95 ko 2.1 ta fi, domin tiyub mai lamba 26 ya fi sauƙin samu a wajen gari. Mai keken 27.5 ko 29 ya sayo nasa tun daga Zariya. A kuma duba bawul, don iri uku ne: mai kauri irin na mota, siriri mai ɗan noti a kai, da na tsofaffin kekuna. An sha ɗauko famfo mai kyau a tarar ba ya shiga rabin kekunan tafiya.

Raleigh ɗin Baba za ta je ta dawo. Ƙarfe ce, kariyarta ta fi ta 'yan gwanjo ƙwari. Illarta biyu: babu giya, sai ya tura a hawa, kuma birkinta ba ya kamawa sosai in gargaren ya jiƙe. A tafi da kotafin, wato ƙusar da ke riƙe ƙafar feda, guda biyu saboda ita.

A kai kekuna wurin makaniki mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, domin sabuwar wayar birki da ta giya sukan saki bayan 'yan kwanaki su nemi a sake ɗaure su. A kama kowace taya a girgiza ta gefe da gefe: in tana motsi, boris ya ci ko ya kwance. A bi wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya da yatsa, wadda ta yi sakwa-sakwa a ɗaure ta, don in guda ta tsinke ƙarƙashin kaya maƙwabtanta ne ke bi. Robar birkin da zanenta ya shafe a sauya. Sarƙa kuma a auna ta da rula: cikakkun gaɓoɓi 12 inci 12 ne daidai, in sun ƙara kashi ɗaya cikin takwas na inci ta gama aiki, kuma galibi sai an sauya ta tare da firiwil, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsallake haƙora.

Wani abu da ke kashe tafiya shi ne ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jikinsa. Da an yar da keke ta gefen dama sai ya lanƙwashe ciki, mai keke bai sani ba, sai ya sa giyar hawa, giyar ta faɗa cikin wayoyin taya ta murɗe. A riƙa kwantar da keke ta hagu kawai.

Kada a zuba wa sarƙa baƙin mai. Shi da ƙurar hunturu in suka haɗu, sarƙa da haƙora suke ci. Kowane dare a goge ta da tsumma, a ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, a sake gogewa har wajenta ya bushe.

Kayan mutum ɗaya kada su wuce kilo 10 zuwa 12, a kan kariya, masu nauyi a ƙasa, an raba su gefe biyu. Jakar goyo ta ruwa da abin taɓawa ce kawai. Wutsiyar robar ɗauri a soke ta, kada ta shiga taya. Notunan kariya su ne farkon kwancewa a gargada, a bi su da sifana duk dare, a kuma riƙe wasu na ko-ta-kwana. Kowa da tiyub biyu nasa. Na tarayya kuwa: famfo uku, saitin alanki biyu, sifana da filaya, abin yanke sarƙa da mahaɗanta, wayar birki huɗu da ta giya huɗu, taya ɗaya ta safaya, da faci aƙalla 40.

Tambaya: Ranku ya daɗe, faci ne ya ishe ni. Sai in yi, in hau, bayan minti goma iska ta sake tafiya. Laifin sholisho ne? Daga Tudun Wada.

Amsa: Da wuya. Yawanci ƙayar da ta yi ɓarnar tana nan zaune a cikin taya, ka mayar mata da tiyub ta sake hudawa. A bakin kogi manyan masu laifi su ne tsidau, wanda 'ya'yansa ke kwance a ƙasa da tsininsu sama, sai ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya.

Ga yadda ake yi. Kafin ka zare tiyub, sa wa taya alama da alli daidai inda bawul yake. Fitar da tiyub, buga masa iska, bi shi kusa da leɓenka har ka ji inda take fita. Ɗora shi a kan taya, bawul a kan alamar, sai ramin ya nuna maka inda ƙayar take. Bi cikin tayar da tsumma tukuna, zai maƙale a tsinin, sannan ka lanƙwasa robar ta waje har kan ƙayar ya leƙo, ka ciro ta da filaya ko allura. Wani lokaci ɗan baƙin ɗigo ne kawai za ka gani, kamar ƙwayar gero. Ka zagaye tayar duka, don tsidau ba ya zuwa shi kaɗai.

Ramin ma yana ba da labari. Guda ɗaya ta wajen tiyub, ƙaya ce. Tsaga biyu a jere kusa da juna, iska ce ta yi kaɗan, gargare ya datse tiyub a kan dutse ko saiwa. Rami ta ciki kuwa kan wayar gargare ne ya huda, sai a gyara robar da ke rufe su.

Facin kansa: goge wurin da samfefa ya fi facin faɗi, shafa sholisho siriri, ka jira minti biyar har ya daina ƙyalli. Gaggawa a nan ce ke kashe faci, jiƙaƙƙen sholisho ba ya kamawa. Manna, danna da gindin sifana daga tsakiya zuwa baki, barbaɗa 'yar hoda ko ƙura don kada ya manne da taya. Sa wa tiyub 'yar iska kafin ka mayar, ka rufe taya da hannu. Sukundireba ta huda tiyub fiye da yadda ƙaya ta huda. Kafin ka cika iska, duba gefe biyu ko taya ta danne tiyub.

A hanya ba a tsayar da mutum 14 ana jiran sholisho ya bushe. A sa sabon tiyub a wuce, a yi facin da dare.

Iskar da ta dace wa taya 26 mai faɗin inci biyu da kaya ita ce PSI 35 zuwa 40 a ma'aunin famfo, a rage zuwa 30 in an shiga dogon yashi, a mayar da an fito. Tsohon tiyub da aka yanke bawul ɗinsa aka tsaga aka shimfiɗa a cikin taya yana rage tsidau sosai. In taya ce ta yage, a ninka guntun buhu ko yankin tsohuwar taya a sa ta ciki, zai kai ka gari. Sannan a kula da wurin hutu: inuwar bagaruwa ta fi ko'ina ƙaya, a ɗaga keke a hannu zuwa gindinta, kuma kafin a hau a juya kowace taya a share ta da tsumma, domin tsidau yakan ɗau lokaci kafin ya ratsa.

Tambaya: Matsalarmu samari ne. Su yi gaba su bar manya, har a ɓata a mararraba. Yaya ake riƙe ayari?

Amsa: Da doka uku da za a karanta wa kowa kafin tashi. Ba a wuce jagora. Ba a bari mai kora ya wuce mutum. A kowace mararraba wanda ke bayan jagora ya tsaya yana nuna hanya, ba zai motsa ba sai mai kora ya iso. Mai kora shi ne na ƙarshe, a zaɓi mai ƙarfi kuma mai haƙuri wanda ya iya gyara, a ba shi kayan aiki da akwatin magani. Wannan shi ne aikin da ya dace da saurayin da ya fi kowa zumuɗi.

Masu rauni su bi bayan jagora kai tsaye, da tafiyarsu zai auna gudu. In aka bar su a baya, sai su iso wurin hutu daidai lokacin da na gaba suka gama hutawa, ba su taɓa samun numfashi. A bar tsawon keke uku tsakanin kowane biyu, a ƙara in ƙura ta yi yawa. Hutun minti goma duk awa, da ƙirga kawuna kafin a tashi. Usur ya fi waya aiki inda babu sabis: busa ɗaya a tsaya, uku a jere akwai matsala. A kwalta layi ɗaya, a hannun dama.

A yashi a sa giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a ja jiki baya a kan sirdi, a sassauta riƙon kan keke ya nemi hanyarsa, kada a taɓa birkin gaba. In ya fi tsawon taku 30, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Sai haƙƙin masu wuri, wanda shi ne ke sa a bar ku ku sake bi baɗi. Rani lokacin tumatir da albasa da barkono ne a fadama. Za ku tarar da tiyon ban-ruwa kwance a kan turba: a sauka a ɗaga keke, kada taya 28 su bi ta kansa. Ba a yanke ta cikin fangali, ba a karyar rake sai an saya. In garke ya tare hanya, a sauka duka, a koma gefe ɗaya, babu ƙararrawa babu usur, a gaida makiyayi, a bari su wuce. Kare in ya taso kada a yi tsere da shi, a sauka a sa keke tsakani. Inda mata ke wanki ko wanka a mashigi, mutum ɗaya ya yi sallama daga nesa, wayoyi kuma su koma aljihu.

Tambaya: Za mu iya tsallaka kogi a kan keke tunda rani ne?

Amsa: A'a. Ko ruwan bai kai ƙwauri ba, yana shiga cibiyar taya da gindin feda tare da yashi, ya wanke giris, bayan kwana biyu boris ya fara ƙara. A tambayi mutanen wurin inda suke bi, kada a ƙirƙiri sabon mashigi, domin inda aka ɗebi yashi akwai ramukan da ba a gani, daga gwiwa sai wuya. Mutum ɗaya ya fara shiga da sanda ba keke. In ruwa ya wuce gwiwa ko yana jan ƙafa, a nemi gada ko kwale-kwale. A sauke kaya a tsallaka da su daban, keke a kafaɗa ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, don in ka zame ya tafi ba tare da ya danne ka ba. Takalmi a ƙafa saboda kwalba da ƙugiya. Bayan an fito a ja birki a hankali na ɗan lokaci har gargare ya bushe.

A kwale-kwale a yi ciniki kafin a hau, a yi sawu da yawa maimakon lodi ɗaya, kekuna a kwance, mutane a zaune. Wanda bai iya ruwa ba ya sa rigar kariya, ko da ta aro ce. Ba a tsallakawa da magariba. Kuma kada a yada zango ko a tsallaka a ƙasan madatsar ruwa.

Tambaya: Tunda a bakin ruwa za mu yi ta tafiya, ai ba sai mun ɗauki ruwa da yawa ba ko? Me kuma za mu ci? Daga ma'ajin ƙungiya, Hanwa.

Amsa: Malam Ma'aji, ruwan kogin na kallo ne. Kubanni ya ɗebo kwatamin gari kafin ya zuba a Galma, fadama kuma tana sako taki da maganin feshi. Ku lissafa lita 6 ga kowane mutum a yini, sha da girki. Mutum 14 ke nan lita 84, wato jarka huɗu masu lita 25. Kowa ya riƙe lita 3 a jikin kekensa, a cika a burtsatsen da 'yan leƙen hanya suka tabbatar. Ruwan rijiya a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin tace ruwa yadda aka rubuta a kwalbar, a jira minti 30.

Hunturu na yaudara, zufa na bushewa nan take, mutum bai san ya yi asarar ruwa ba. A sha rabin lita zuwa sama duk awa. Fitsari in ya yi duhu ya ragu, an yi baya. A tafi da ƙullin ORS, ko a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai ko amai, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a ba shi wannan. In ya fara sambatu, asibiti nan take.

Wanka a kogi da gulbi shi ne hanyar tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon-koɗin ruwa ta shiga ta fata, bayan makonni sai a ga jini a fitsari. Wanda dole ta sa ya shiga ruwa ya goge jikinsa da sauri, in kuma ya ga alama daga baya ya je asibiti ya faɗi inda ya je. Tana da magani, praziquantel.

Abinci a ci kaɗan-kaɗan duk awa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, mazarƙwaila, dafaffen dankali, kilishi. Tuwo ko shinkafa sai dare. Fura da nono akwai daɗi a rana, amma a san ruwan da aka dama da shi, don gudawar mutum ɗaya tana zaunar da ayari duka. Ciwon mazaunai kuma wando marar kaurin ɗinki da man kaɗanya ke hana shi, tare da sirdi a tsayin da ya dace: in ka ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe sak. Mai asma, sikila, ciwon sukari ko hawan jini ya ga likita tukuna, ya kuma gaya wa jagora inda maganinsa yake.

Tambaya: Muna so mu kafa tanti a bakin ruwa. Akwai matsala?

Amsa: Akwai. Nan ne sanyi ya fi sauka, nan ne sauro, nan ne dabbobi ke zuwa shan ruwa, kuma wutar baƙi a bakin kogi da dare tana tayar da hankalin ƙauye a wannan zamani. A kwana a cikin gari. 'Yan leƙen hanya su kai wa hakimi ko dagaci takarda mai ɗauke da ranaku da sunayen matafiya, a ba ofishin 'yan sanda na yankin kwafi, kada kuma a je hannu rabbana, goro na da muhimmanci. Dagaci zai nuna zaure, ko a nemi aji a firamare da izinin hedimasta. Kowa da tabarma, bargo da gidan sauro. A sarƙe kekuna wuri guda a ciki.

Saboda kububuwa da kasa, ba a fita da dare babu tocila da takalmi, da safe kuma a zazzage takalmi kafin a sa. In an yi sara, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a ɗauke shi zuwa babban asibiti, a kuma buga waya tun a hanya a ji ko akwai allurar dafin, in ya so a wuce Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika. Wutar girki a kashe ta da ruwa, busasshiyar ciyawar hunturu ba ta jira.

Tambaya: Za mu yi ƙasaru?

Amsa: A mazhabar Malikiyya nisan ƙasaru mil 48 ne, kimanin kilomita 80, kuma zuwa kaɗai ake ƙirgawa, ban da dawowa. Tafiyar da jimillarta ta kai kilomita 120 amma zuwa da dawowa ce ba lalle ta cika sharaɗin ba. Ku kai wa malaminku taswirar ya duba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 15 ya dame ni sai ya bi 'yan ƙungiyar keke wannan tafiya. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Kofar Doka.

Amsa: Hajiya, ki kira shugaban ƙungiyar ki yi masa tambayoyi huɗu. Wa ya bi hanyar da kansa, kuma yaushe? A wane gari za a kwana kowane dare, wa ya karɓi baƙuncinsu? Wane babba ne aka ɗora wa alhakin yaron da suna? Akwai mota ko babur na rakiya da zai riƙa jiransu a titi da ruwa da kaya? Ki karɓi lambar jagora da ta direban, a yanka lokacin da za a kira ki kowace yamma. Shi kuma yaron sai ya yi kilomita 40 kwana biyu a jere da kaya bai galabaita ba, yana da hular kwano daidai kansa, kuma keken ba na yayansa ba ne da ya yi masa tsawo. In babu motar rakiya, ya tsaya a tafiyar yini ɗaya bana.